Idan sabis ya ɗauke, wuta ta tafi, hanya ta rufe: da me magidanci zai fara shiri?

Malam_Ƙofar_Doka:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, kuma ina son jin ra'ayin waɗanda suka fi ni sani a wannan zaure. A 'yan shekarun nan mun ga kullen korona na 2020, mun ga rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna daga ƙarshen Satumba 2021, mun ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sannan a 2024 aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya cikin watan Agusta, kafin duhun da ya lulluɓe mafi yawan Arewa a watan Oktoba. Kowanne daga cikinsu ya nuna cewa gidajenmu ba su da shirin jure ko da kwana uku ba tare da kasuwa da waya da lantarki ba. To idan magidanci mai matsakaicin hali ya ware ɗan abin da ya samu domin shirin ko-ta-kwana, da me ya kamata ya fara? Wasu abokaina suna cewa rediyon oba-oba, wasu suna cewa bindiga mai lasisi, wasu motsa jiki, wasu kuma tanadin abinci da ruwa. Ni a ganina sadarwa ce a gaba da komai, domin wanda bai san abin da ke faruwa ba, kuma ba ya iya kiran kowa, duk sauran shirinsa ragagge ne. Ina neman gyara idan akwai.

Injiniya_Palladan:
Wa alaikumus salam, Malam. Harkar rediyo ita ce abin da nake shagaltuwa da shi a lokacin hutuna, saboda haka bari in rarrabe abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa. Akwai rediyon saurare, wanda kowa ya sani. Akwai oba-oba na hannu. Sannan akwai rediyon 'yan sha'awa, wanda masu yin sa a duniya ke kira ham, wato mutum ya koyi ilimin, ya sami lasisi da lambar kira, ya kafa ƙaramar tasharsa a gida ba don kasuwanci ba.

Oba-oba na hannu yawanci ƙarfinsa bai wuce wat 5 ba, kuma igiyarsa a miƙe take tafiya, ba ta zagaya tudu ko dogon gini. A cikin unguwa mai cunkoso irin Tudun Wada ko Sabon Gari, da wuya ya wuce kilomita biyu ko uku. Wanda ke Samaru ba zai ji na Ƙofar Gayan ba sai an ɗora na'ura mai maimaita saƙo a wuri mai tsayi, domin a wannan zango tsayin eriya ya fi ƙarfin na'ura muhimmanci. Eriyar da ke bisa mita 25 tana iya kai wa kimanin kilomita 20 idan babu abin da ya tare ta.

Gajeren zango kuwa wani abu ne daban. A kan mita 40, wato daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, saƙo yana tashi sama ya daki wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da caji, ya dawo ƙasa da nisa. Da wayar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 20 a ɗaure tsakanin itatuwa biyu, da batir mai bolt 12, mutum yana iya magana da Kano ko Abuja ko Yamai ba tare da turken kowane kamfani ba. Lambar kiran 'yan Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Kamaru da TJ, ta Gana da 9G.

Ɗalibi_Samaru:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina ganin oba-oba irin su Baofeng ana tallar su a intanet kan kuɗi kaɗan. Shin idan na saya zan iya fara magana da su kai-tsaye, ko akwai wata takarda da ake nema?

Barista_Kongo:
Ƙanena, kada ka yi gaggawar saye. Sauraron tashoshin watsa labarai ba ya buƙatar izinin kowa, amma aika saƙo ta iska yana ƙarƙashin dokar tarayya, kuma sai da lasisi daga hukumomin sadarwa. Irin na'urar da ka ambata tana iya hawa mitocin da aka keɓe wa wasu hukumomi, wanda bai sani ba kuma zai iya kutsawa cikin layin da ba nasa ba. A Zariya wannan ba ƙaramin abu ba ne, ga barikokin soja, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Palladan tun 1964, inda jirage ke tashi da sauka bisa umarnin rediyo. Ban da wannan, a halin tsaron da ake ciki, matashin da aka samu da oba-oba a shingen bincike ba tare da takarda ba zai sha tambayoyin da ba zai so ba, domin an san ɓarayin daji da masu kai musu rahoto suna amfani da irinsa.

Manomi_Hanyar_Giwa:
Ku gafarce ni, malamai, amma ina jin maganarku kamar ta mutanen da ke kwana a tsakiyar gari. Mu da ke bakin daji, idan aka buga ƙofa da tsakar dare, rediyo ba ya hana a shigo. An shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni 2021 an kwashi mutane, an shiga cibiyar masu tarin fuka da kuturta da ke Saye a shekarar, waɗannan kuwa wurare ne na hukuma masu masu gadi, ballantana gidan talaka a ƙauye. A lokacin da aka rufe layukan waya, mun kwana muna jin harbi ba mu da hanyar gaya wa kowa, amma ko da muna da hanyar, kafin agaji ya iso an gama abin da za a yi. Ni a wurina kare rai shi ne farko, kuma ban ga abin da zai kare shi a wannan sa'a ba in ba makami ba.

Barista_Kongo:
Yaya, babu wanda zai raina abin da kuka gani, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Amma ya zama dole in faɗi yadda doka take, don kada wani ya karanta wannan zaure ya jefa kansa cikin wani bala'in. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Akwai haramtattu, irin bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Akwai na ƙashin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na ɗuri, irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Dokar ta hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka taɓa hukuntawa kan tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga kuwa, ɗaurinsa ba ya gaza shekara goma. Sannan a watan Agusta 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasisi. Duk wanda ya ce zai samo maka takarda ta bayan fage, yana sayar maka da hanyar kurkuku ne.

Manomi_Hanyar_Giwa:
Barista, ai a watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu. Idan gwamnati ta kai ga faɗin haka, ashe ta san inda gizo ke saƙa.

Barista_Kongo:
An yi haka, kuma nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Maganar gwamnan jiha ba ta canza dokar tarayya, kuma a gaban alƙali dokar ce za a karanta.

Tsohon_Soja_Basawa:
Na yi shiru ina karantawa, amma maganar makami ta sa dole in sa baki. Na riƙe bindiga mafi yawan ƙuruciyata, kuma abin da zan gaya wa ɗana na hanyar Giwa shi ne, bindiga ba ta aiki ita kaɗai. A Depot, makarantar horar da kuratan soja da ke nan Zariya, kurtu yakan shafe watanni yana gudu da fareti da ɗaukar kaya da koyon bin umarni, harbi kuwa ƙaramin sashe ne na horon. Dalili shi ne, idan tsoro ya zo, zuciya tana bugawa da ƙarfi, hannu yana rawa, ido yana ƙuntata, kunne yana toshewa, kuma wanda bai saba da wannan hali ba zai iya harbin ɗansa da ya fito kewayawa yana zaton ɓarawo ne. Mutum ɗaya da bindiga mai harsashi biyu a gaban gungun mutane masu bindigogin yaƙi bai kare gidansa ba, ya dai ba su dalilin buɗe wuta a kan kowa, ya kuma ƙara musu makami.

Abin da na ga yana ceton ƙauyuka shi ne a ga maharan tun daga nesa, a sanar da juna da wuri, kowa ya san hanyar da zai bi da wurin da za a haɗu, a kuma san wanda zai ɗauki tsoho da wanda zai goya yaro. Wannan kuwa yana buƙatar ƙafa da numfashi. Ina roƙon kowane magidanci a nan ya gwada kansa da gaskiya: ya ɗauki jarka mai lita 20, wadda nauyinta kilo 20 ne, daidai da yaro ɗan shekara biyar ko shida, ya yi tafiyar minti goma da ita ba tare da ya ajiye ba. Idan ya kasa, to ya san inda shirinsa zai fara, kuma ba ya buƙatar ko kwabo.

Mafarauci_Dakace:
Ranka ya daɗe, maganarka dutse. Mu mun gaji adaka daga iyaye, kuma abin da aka fara koya mana ba harbi ba ne. An koya mana cewa kowace bindiga a ɗure take har sai ka tabbatar da idonka, ba a nuna bakinta ga mutum ko da wasa, yatsa ba ya taɓa kunama sai an yi niyyar harbi, kuma ba a harbin motsin ciyawa sai an ga abin da ke motsin. Albarushi yana kwana a wani wuri daban, nesa da murhu da hannun yara. Hatsarin da na fi gani a rayuwata ba a daji yake faruwa ba, a gida ne da wurin biki, inda matasa ke cika ɗuri don a ji ƙara, ƙarfen ya tsage ya tafi da yatsu. Amma ba zan ɓoye ba, ina tare da ɗan uwana manomi a kan cewa mafarauta da 'yan sintiri da hukuma ta sani sun hana ɓarna mai yawa a ƙauyuka.

Hajiya_Gyallesu:
Maza sun tafi can wajen rediyo da bindiga, ni kuwa bari in dawo da ku tsakar gida. A duhun Oktoba 2024 abin da ya fara ƙarewa a unguwarmu ruwa ne, domin rijiyoyin burtsatse da lantarki suke aiki, 'yan garuwa kuma suka ninka kuɗin jarka, injin niƙa ya tsaya, abin da ke cikin firji ya lalace. Babu wanda ya nemi harsashi a kwanakin nan, amma kowace mace ta nemi ruwan wanke yaro. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana, domin sha da girki da tsafta. Gida mai mutum goma ke nan yana buƙatar lita 150 a rana, lita 450 a kwana uku, wato jarka 18 masu lita 25. Malam na Ƙofar Doka, ka ƙirga jarkokin da randunan gidanka tukuna kafin ka je kasuwar oba-oba.

Malamin_Gona_Samaru:
Hajiya ta taɓo inda ya dace, zan ɗan ƙara a kai. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Mayu zuwa Oktoba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai milimita 20, zai zubo da lita 2,000 a dare ɗaya, kuma yawancinmu muna kallo yana bin kwata. Indararo da tanki sun fi araha a kan abubuwa da dama da aka ambata a nan. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, na sha kuma a tafasa shi ya yi aƙalla minti ɗaya yana ɓararraka.

Game da hatsi, ina ba da shawarar buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Idan wake ko masara ta bushe sosai aka ɗaure kowane ninki daban, iska tana ƙarewa a ciki, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ina roƙon jama'a su daina zuba maganin feshi a cikin wake, su kuma daina ajiye buhun da aka sa wa ƙwayar hayaƙi a ɗakin kwana, domin iskar da take fitarwa guba ce mai kisa.

Mai_Shago_Tudun_Jukun:
Ina girmama kowa, amma ina ganin wannan hira ta masu hali ce. Wanda ke neman na yau da kyar, da me zai cika buhu ya ajiye? Kuma ina tsoron yawan wannan lissafi ya sa mutum ya zauna cikin fargaba, ya manta cewa Allah ne mai tsarewa.

Ustaz_Limancin_Kona:
Ɗan uwa, damuwarka tana kan hanya, amma tanadi bai saɓa wa tawakkali ba. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya umarci mutanen Masar su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa cikin shekaru bakwai na wadata domin bakwai na fari, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Game da rashin hali kuwa, ba a ce sai buhu ba. Iyayenmu mata sun daɗe suna ɗebe dintsi ɗaya daga abin da aka auno na tuwo suna zubawa a wata tukunya, wannan ma tanadi ne. Abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye abinci don ya yi tsada a cuci jama'a.

Nas_Tudun_Wada:
Salamu alaikum. Har yanzu ban ga wanda ya ambaci agajin gaggawa ba, ni kuwa a wurina ya riga rediyo da bindiga duka. Ranar 11 ga Agusta 2023, lokacin da wani sashe na Babban Masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, waɗanda suka fara kai hannu ga masu rauni su ne mutanen da ke tsaye kusa da su. Haka abin yake a kowane hatsari a hanyar Kano ko ta Kaduna. Mutumin da jijiyar jininsa ta yanke zai iya rasuwa cikin 'yan mintoci, tun kafin a sami motar da za ta kai shi asibitin Shika ko na Gambo Sawaba.

Abin da kowa ya kamata ya iya kaɗan ne. Idan jini na zuba, a danna wurin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada a ɗaga ana dubawa, idan ya jiƙe a ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki a rauni. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko gadon baya, kada a sungume shi a jefa bayan babur. Wanda ya suma yana numfashi a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa. Wanda ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ƙuna kuma a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi minti 20, ba manja ko ɗanyen ƙwai ba. Ga gudawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tunda an yi maganar harbi, ku sani akwai dokar tarayya ta 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Maman_Yara_Hanwa:
Sista, Allah ya saka da alheri, na kwafe wannan a takarda. Tambayata ga Baba tsohon soja ce: mu matan da ba ma fita filin wasa, kuma wasunmu na fama da ƙiba da ciwon gwiwa bayan haihuwa, yaya za mu yi da maganar ƙafa da numfashi?

Mai_Horarwa_Sabon_Gari:
Hajiya, bari in amsa kafin Baba ya iso, domin sana'ata ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 a kwana biyar ya cika mafi ƙarancin, kuma ana iya raba shi goma-goma. Zagaya tsakar gida da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana, tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, tura bango da hannuwa, hawa da sauka a dakali ɗaya, ɗaukar bokitin ruwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk suna cikin lissafi. Mai ciwon gwiwa ta guji tsalle, ta fara da kaɗan ta riƙa ƙarawa mako-mako. Mai hawan jini ko ciwon suga ko juna biyu ta fara jin ta bakin likita. A watannin Maris da Afrilu a yi bayan Asuba ko dab da Magariba saboda zafi. Ga maza kuma, hawan Dutsen Kufena a ƙungiya sau ɗaya a wata ya isa ya nuna wa mutum matsayin huhunsa.

Tsohon_Soja_Basawa:
'Yata, abin da mai horarwa ya faɗa ya wadatar. Zan ƙara abu ɗaya: ki ajiye takalmi mai rufi wanda za ki iya tafiya mai nisa da shi, ke da kowane yaro, a wuri guda da kowa ya sani, tare da tocila.

Malam_Ƙofar_Doka:
Na gode ƙwarai, na ƙaru da abubuwan da ban yi zato ba, musamman lissafin Hajiya ta Gyallesu. Amma har yanzu ina kan bakana a wani ɓangare. Baba tsohon soja da kansa ya ce abin da ke ceton ƙauye shi ne a sanar da juna da wuri, Sista ma tana buƙatar a kira mota. Ashe duk sadarwa ce. Injiniya, idan lasisi da kayan gajeren zango sun fi ƙarfin talaka, me ya rage mana?

Injiniya_Palladan:
Malam, duk da ƙaunar da nake yi wa wannan fanni, ba zan ce kowane gida ya sayi na'ura ba. Gaskiya ne 'yan ham sun yi aiki a manyan bala'o'i, kamar igiyar ruwan da ta afka wa tsibiran Andaman a 2004, da girgizar ƙasar Nepal a 2015, da guguwar da ta rushe sadarwar Puerto Rico a 2017. Amma a duk waɗannan wurare akwai mutanen da suka daɗe suna atisaye tare, sun san mitar da za a haɗu da lokacin da za a haɗu. Na'ura ba ta da amfani idan babu kowa a ɗaya ɓangaren. Gari kamar Zariya, mai jami'a da kwalejoji cike da ɗaliban lantarki, mutum kaɗan masu lasisi a unguwanni daban-daban, waɗanda hukumar agajin gaggawa da Red Cross suka san da su, sun fi oba-oba ɗari a hannun waɗanda ba su da horo.

Ga sauran gidaje, ƙaramin rediyon saurare mai FM da matsakaici da gajeren zango, da batura na ajiya, shi ne farko, domin ta nan za a ji sanarwar hukuma da labaran BBC da DW da RFI ko da intanet ya yanke, kamar yadda ya yi rauni a watan Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke. Sai ƙaramin faifan sola na cajin waya, a riƙa share masa ƙurar hunturu domin tana rage masa ƙarfi. A rubuta muhimman lambobi a takarda, har da 112 ta kiran gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Idan sabis ya yi rauni a aika rubutaccen saƙo, ya fi kira saurin wucewa. Kuma iyali su yi yarjejeniya tun yanzu a kan gidan da za a haɗu idan abu ya faru yara suna makaranta.

Baba_Wusasa:
Ina gaishe ku duka. A layinmu, Kirista da Musulmi, mun yi wani tsari mai sauƙi: kowane gida yana da usur, kuma an san busa ta gobara daban da ta ɓarawo. Muna da takarda a hannun mai unguwa da ke nuna gidan da ke da mota, da gidan da ke da ma'aikacin lafiya, da gidan da ke da rijiya, da inda tsofaffi da marasa lafiya suke. Ƙararrawar coci da lasifikar masallaci duk an amince a yi sanarwa da su. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muke gwada busar lokaci-lokaci da rana, bayan an sanar da kowa.

Manomi_Hanyar_Giwa:
Baba, tsarinku yana da kyau, kuma zan kai shi gaban dagacinmu. Amma ina so a fahimce ni. Idan an busa usur kowa ya gudu, an bar musu shanu da rumbu, gobe su dawo. Har yaushe za a yi ta gudu? Ban ce kowa ya ɓoye makami a ƙarƙashin gado ba, na ji gargaɗin Barista. Abin da nake cewa shi ne a ɗauki 'ya'yanmu da suka san dajin, a horar da su a hukumance, a ba su abin da doka ta yarda, su zauna a cikinmu.

Barista_Kongo:
Yaya, wannan da ka faɗa yanzu yana da gurbi a doka. Jihar Kaduna tana da rundunar sintiri ta KADVS, kuma a 2023 an ɗauki mutum 7,000 aka kai su horo. Hanyar ita ce dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma su nemi a sa matasanku a ciki, su yi aiki ƙarƙashin idon 'yan sanda. Abin da nake tsoro shi ne ƙungiyar da ba ta da mai tsawata mata, domin mun ga yadda ɗaukar doka a hannu ya rura wutar ramuwar gayya a Zamfara.

Direba_Kwangila:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fetur. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙaranci, sai mutane su cika jarkoki su kai ɗakin kwana ko kusa da madafa da sunan shiri. Tururin fetur yana bin ƙasa ya tarar da wuta daga nesa. Haka janareta, kada a tayar da shi a cikin ɗaki ko zaure ko ƙarƙashin taga, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe iyali guda suna barci. Idan tanka ta faɗi kuma a yi nesa da ita, abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba 2024 ya ci rayuka fiye da 150. Ni dai ƙa'idata, tankin mota ba ya sauka ƙasa da rabi.

Hajiya_Gyallesu:
Sista, mahaifiyata tana amfani da allurar insulin. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, yaya za a yi da ita?

Nas_Tudun_Wada:
Hajiya, kwalbar da aka fara amfani da ita yawanci tana jure kimanin mako huɗu ba firji, muddin ba ta sha zafi ko rana ba, amma ki duba takardar da ke cikin kwalin, domin iri-iri ne. A lokacin zafi a yi dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa mai iska. A sa kwalbar cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta, kuma kada a ɗora ta kan ƙanƙara, domin idan ta daskare ta lalace. Duk mai shan maganin yau da kullum, na hawan jini ko farfaɗiya ko asma, ya riƙa sayen na gaba tun na hannunsa bai ƙare ba.

Ɗalibi_Samaru:
Injiniya, na fasa sayen na'urar, amma sha'awar ta ƙaru. Da me zan fara koyo kafin in nemi lasisi, kuma ko za ka yarda mu zo mu ga yadda eriyar take?

Injiniya_Palladan:
Ka fara da saurare, ƙanena, da tushen ilimin lantarki da ƙa'idojin kira. Akwai ƙungiyar 'yan ham ta ƙasa, NARS, ita ce ta fi dacewa ta nuna maka matakan neman lasisi. Zuwa kuwa babu laifi, ku haɗu ku kaɗan ku sanar da ni ta saƙon sirri, sai dai idan hadari ya haɗo ba za mu kunna komai ba, domin da damina ina cire wayar eriya saboda tsawa.

Mai_Shago_Tudun_Jukun:
Sista, idan har za a iya samun wanda zai koya mana danna ƙirji da tsayar da jini a aikace, ni zan zo, kuma zan yi wa 'yan agajin masallacinmu magana su ba da wuri. Amma a sa shi ranar da ba ta kasuwa ba, kuma a sami mace da za ta koya wa mata daban.